Zan bi maigidana Mancesta, kowa na taya ni murna amma ni hankalina bai kwanta ba

"Assalamu alaikum. Shekarata 27, shekara biyu ke nan da aurena, ba mu haihu ba tukuna. Maigidana ya samu gurbin digirin digirgir a Mancesta da ke Ingila, bizarmu ta fito, farkon Satumba za mu tashi. Ina koyarwa a wata firamare a Kano, dole in ajiye aikin. Kowa sai ce min yake na dace, ni kuwa in dare ya yi kuka nake sha. Ban taɓa yin wata guda ban ga Hajiyarmu ba. Wata 'yar'uwata ta bi mijinta waje ta dawo a rame, ko magana ba ta son yi. In na gaya wa maigidan sai ya ce, 'Ai ina nan, me zai dame ki?' Me zan shirya, kuma yaya zan kula da kaina kada in zama kamar ta?"

Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya sanya albarka a tafiyar, ya kai ku lafiya.

Kukan da kike yi ba butulci ba ne, kuma ba alamar wani mugun abu ba ne. Kin hango abin da masu taya ki murna ba su hango ba. A Kano mutane da yawa ne ke riƙe da ke ba tare da kin lura ba: Hajiya, ƙannenki, maƙwabciyar da ke leƙowa aron rariya ta zauna awa guda, malaman makarantarku, yaran ajinki, mai kayan miya da ya san sunanki. Ranar da jirgi ya tashi duk wannan nauyin zai koma wuyan mutum ɗaya, shi kuwa mutumin ɗalibi ne. Maigidanki da zuciya ɗaya yake cewa yana nan, amma mai digirin digirgir yakan fita da safe ya dawo bayan duhu, in ya dawo ma kansa na can wurin abin da malaminsa ya ce ya gyara. Shekara uku zuwa huɗu za a yi a haka. Matan da suke dawowa a rame, galibinsu ba mugun miji suka samu ba. Sun zauna ne a ɗaki suna jiran ƙarar makulli a ƙofa, ranar tasu kaf ta rataya a kan dawowar mutum ɗaya. Duk abin da za mu faɗa miki a ƙasa manufarsa ki samu yini naki na kanki, da takardunki, da kuɗinki, da mutanenki, ta yadda in ya shigo zai tarar da mai labarin da za ta ba shi.

Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka mu fara da makonnin da suka rage miki. Je ki ga likitan haƙori yanzu, a cike abin da ke buƙatar cikewa, a cire na cirewa. A Ingila samun likitan haƙori na gwamnati da zai karɓi sabon mutum yana da wuya, na kuɗi kuwa tsada ne. In kina sa tabarau, ki yi biyu. In akwai maganin da kike sha kullum, ki tafi da shi cikin kwalinsa na asali tare da wasiƙar likita mai ɗauke da sunanki da sunan maganin da adadinsa, kada ya wuce na wata uku. Magunguna irin su tramadol da kodin doka na sa musu ido sosai a can, kada ki karɓi saƙon kowa ki saka a jakarki. Haka ƙulle-ƙullen gargajiya da kayan mata marasa suna a jiki: jami'in kwastan bai san mene ne ba, yana iya tsare ki ya kwace.

Abinci shi ne inda 'yan'uwa ke jefa matafiyi cikin asara saboda ƙauna. Nama da duk abin da aka yi da madara ba sa shiga Birtaniya daga Najeriya a jakar matafiyi. Kilishi, dambun nama, soyayyen naman layya, man shanu, cuku, madarar gari, duk a bar su a gida ko da Hajiya ta yi kwana uku tana haɗawa. Busasshen kifi ko banda ana yarda da shi har kilo 20 ga mutum ɗaya, zuma kuma kilo 2. Abin da ya cancanci gurbi a akwatinki shi ne wanda babu shi a can ko yake wuyar samu: kuka, busasshiyar kuɓewa, karkashi, daddawa, yaji, garin kunu, zoɓo, kanwa kaɗan, garin lalle, man kaɗanya. A daka, a busar sarai, a ɗaure a leda biyu, a rubuta sunan kowanne da Turanci. Daddawa kam leda uku da roba mai murfi, in ba haka ba atamfofinki za su ba da labari. Shinkafa, manja, doya, attaruhu da garin semo kada ki ɓata kilo a kansu. Shagunan 'yan Afirka da na 'yan Pakistan a Cheetham Hill da Longsight da Moss Side suna da su, mahautan halal kuma suna nan birjik, musamman wajen Wilmslow Road a Rusholme. Yawancin jirage akwati biyu suke ba mutum, kowanne kilo 23, amma ki duba tikitinki. Buta guda ta roba ki cusa a ciki.

Fasfonki ya zauna a hannunki. Wannan ba zargin maigida ba ne, tsari ne kawai. Yanzu izinin zama a Birtaniya a intanet yake, abin da suke kira eVisa, kuma kowane mutum da nasa asusun. A buɗe naki da adireshin imel ɗinki da lambar wayarki, ki riƙe kalmar sirrin a kanki. Daga wannan asusun ne za ki ciro lambar da mai ba da aiki ko mai gidan haya zai duba ya tabbatar kina da izini. Matar da ba ta san yadda ake shiga nata ba, ko aikin wanke-wanke ba za ta iya nema ba sai ta jira miji. Ki ɗauki hoton fasfo, takardar aure da takardun makarantarki, ki ajiye a imel, ki bar kwafi wurin wani amintacce a gida. Takardun asali su shiga jakar hannu tare da magani, caja, kaya kala ɗaya da rigar sanyi, don za ku canza jirgi a hanya, a Doha ko Addis Ababa ko Alkahira, kuma akwati kan yi lattin kwana biyu.

Kafin ku tashi akwai hirar da ya kamata ku yi, a zaune, ba a mota ba kuma ba lokacin da yake cike takardu ba. Kada ki buɗe ta da "ba ka damu da ni ba", zai shiga kare kansa, maganar ta mutu. Ki ce, "Ina so mu tsara yadda zamanmu zai kasance, don kada in zame maka nauyi a karatunka." Wannan zai saurara, domin gaskiya ce. Abu uku za ku yanke. Na farko lokaci: cin abinci ɗaya tare kullum ba waya a hannu, da rabin yini guda a mako da za ku fita tare, ko da zagaya gari ne a bas. Ku sa masa rana, Asabar ko Lahadi, don abin da ba shi da rana ba ya zuwa. Na biyu aikin gida. Can babu 'yar aiki, babu yaron aike, babu ƙanwar da za ta zo hutu. Cefane ɗauko shi ake yi a hannu cikin ruwan sama, shara kuma kowace kala da ranar fitar da ita. Ku raba tun yanzu: wa ke fitar da shara, wa ke ɗauko kaya masu nauyi, wa ke shiga kicin ranar da ba ki da lafiya. Namijin da bai taɓa dafa shayi ba a gidansu yana iya koya, amma ya fi sauƙin karɓa in an yi maganar a Kano cikin raha, ba a Mancesta cikin fushi ba.

Na uku kuɗi, kuma a nan aka fi samun ɓaraka. Ki buɗe asusun banki da sunanki a makonnin farko, ku yarda da wani adadi, kome ƙanƙantarsa, da zai riƙa shiga duk wata ba sai kin roƙa ba kuma ba sai kin kawo lissafi ba. Kin saba da albashinki, zama kina cewa "a ba ni kuɗin bas" zai ci ki a hankali. Sai maganar gida. Da kun sauka za a fara lissafa fam da naira a madadinku, ba wanda zai lissafa kuɗin haya da na wuta da na gas. Ku yanke abin da za ku iya aikawa ɓangarensa da ɓangarenki, ku tsaya a kai, amsarku ta zama ɗaya. Akwai kuma harajin ƙaramar hukuma da ake ɗora wa kowane gida. Ɗalibi mai cikakken karatu ba ya biya, matarsa baƙuwa da bizarta ta hana ta karɓar tallafin gwamnati ita ma ana cire ta daga lissafi, amma sai an nema da takardar shaida daga jami'a. In takardar biya ta zo kada ku firgita ku biya, ku kai ofishin da ke ba ɗalibai shawara.

Yanzu ga abin da muke zaton ya taɓa 'yar'uwarki, kuma shi ne mutanenmu suka fi raina: duhu. Za ku sauka a Satumba, gari da sauran haske, ki ce ashe abin ba wuya. Ranar Lahadin ƙarshe ta Oktoba ake mayar da agogo baya da awa ɗaya, daga nan yamma ke guntulewa. A tsakiyar Disamba rana ba ta fitowa a Mancesta sai wajen ƙarfe 8:20 na safe, kafin 4 na yamma ta faɗi. Haske na awa bakwai da rabi ke nan, a Kano kuwa ko a hunturu ya haura awa goma sha ɗaya. Wannan ɗan hasken ma sau da yawa gajimare ne toka-toka da yayyafi. Azahar jim kaɗan bayan sha biyu, la'asar kafin ƙarfe biyu, magariba kafin huɗu: salloli uku cikin awa huɗu. Jikin da ya tashi a ranar Kano yana lissafa barci da farkawa da yunwa ne da haske. In hasken ya yi ƙaranci sai barci ya rikice, jiki ya yi nauyi, kwaɗayin zaƙi da burodi ya ƙaru, zuciya ta yi ƙunci ba dalili. Likitoci sun san wannan, suna da suna gare shi, ciwon damuwa ne mai zuwa da hunturu. Ba raunin imani ba ne, ba kuma jifa ba ne.

Maganinsa na farko kyauta ne, sai dai yana son naci. Ki fita waje kullum tsakanin ƙarfe 11 da 1 na rana, minti 30, ko ana yayyafi. Hasken waje a ranar da gari ya lumshe ya ninka na fitilar ɗaki sau da yawa, ido ne kawai ba ya ganewa. Tafiyar sauri ta minti 30 sau biyar a mako ita ce minti 150 ɗin da hukumar lafiyarsu, NHS, ke ba manya shawara, kin jefi tsuntsu biyu ke nan. In kuna kusa da jami'a akwai Whitworth Park da Platt Fields Park, mata masu hijabi da keken jarirai na zagayawa a ciki. Ki ɗaure fitar da wata buƙata don kada kasala ta yi nasara: kada ki sayi burodi da madarar mako guda a tashi ɗaya, ki bar abin da zai fitar da ke gobe. Da kin idar da asuba kada ki koma barci har sha ɗaya, nan ne tarkon yake, domin kina tashi kin ci fiye da sulusin hasken ranar. Ki buɗe labule gaba ɗaya da gari ya waye, ki ajiye kujerarki kusa da taga. Akwai fitila ta musamman mai ƙarfin haske 10,000 a ma'aunin haske da ake kira lux, da ake zama gabanta kamar minti 30 da safe, tana taimakon wasu, amma ki fara da fita tukuna.

Sai bitamin D. Fata ce ke haɗa shi daga hasken rana, kuma daga Oktoba zuwa Maris ranar Birtaniya ba ta da ƙarfin da zai sa a haɗa shi. Ga mai duhun fata da ke rufe jikinta, shawarar NHS ita ce maikirogiram 10 kullum, duk shekara, ba hunturu kaɗai ba. A jikin kwalba za ki ga an rubuta 10 µg ko 400 IU, abu ɗaya ne. Ana sayarwa a kowane kantin magani da manyan kantuna ba tare da takardar likita ba, kuma ba tsada. Ki sha tare da abinci mai ɗan maiƙo, ki ba maigidan ma. Kada ki wuce maikirogiram 100 a rana sai da umarnin likita, yawansa na tara sinadarin kalsiyam a jini ya taɓa ƙoda. Ƙarancinsa na kawo ciwon ƙashi da na baya da gajiya, abin da mace za ta yi wata shida tana cewa sanyi ne ya shige ta.

Sanyin kansa ya fi duhu sauƙin magani. A Disamba da Janairu yakan tsaya wajen digiri 7 da rana, ya sauko kusa da 2 da dare, ga danshi da iska. Sirrin shi ne kaya hawa-hawa: riga da wando masu kama jiki na riƙe ɗumi a ciki, sai suwaita, sai abaya ko atamfarki, sai babbar riga mai hular da ruwa ba ya ratsawa. Atamfa ita kaɗai auduga ce, ba ta riƙe ɗumi. Babbar rigar da takalmin ruwa a can za ki saya, na kasuwarmu ba don wannan yanayin aka yi su ba, kuma shagunan gwanjo na ƙungiyoyin agaji suna da masu kyau da araha. Ɗakin da kike zaune kada ya gaza digiri 18. Na'urar ɗumama ɗaki na busar da fata, don haka wanka da ruwa mai ɗumi ba mai ƙuna ba, ki shafa man kaɗanya jiki na da sauran laima, kada ki jira ya bushe. Kitso da lalle a can kuɗi ne mai yawa, ki koyi kama kanki gida biyu ko huɗu kafin ki tafi. Hannun da ya iya kitso kuwa ya samu hanyar shiga cikin mata.

Gidan haya na can yana da halayensa da ke ba sabon zuwa kunya. Banɗaki ba shi da magudana a ƙasa, katako ne aka shimfiɗa wa leda ko tayil. In kika yi alwala ko wanka a ƙasa kamar a gida, ruwan zai ɗiga ta silin maƙwabcin da ke ƙarƙashinku, kuɗin ajiyarku na haya ya tafi. Komai a cikin baho ko wurin wanka. Shanya a ɗaki da tururin girki na haifar da baƙin fumfuna a bango da bayan kwaba, shi kuma yana tayar da tari da asma. Ki buɗe taga minti 10 kowace safiya ko da sanyi, ki kunna fankar kicin in kina girki, ki rufe tukunya. Akwai ƙararrawar hayaƙi a silin, suyar manja na iya tayar da ita. Ki buɗe taga ki kaɗa tawul a ƙarƙashinta, amma kada ki cire batirinta ko ki ɗaure ta da leda. Turaren wuta kuwa, a nan za mu ɗaga murya: kada ki hura gawayi a cikin gida. Gidajen a toshe suke ruf don riƙe ɗumi, gawayi na fitar da iskar da ba ta da wari ba ta da launi, tana fara wa mutum da ciwon kai da jiri, tana kashewa cikin barci. Ki sayi kasko mai aiki da lantarki, ki sa kaɗan, ki duba ko yarjejeniyar hayarku ta yarda. Alƙibla ma ta canza, daga Mancesta kudu maso gabas ake fuskanta. Lokutan salla ki bi jadawalin masallacin unguwarku, musamman a Yuni da rana ba ta faɗuwa sai bayan tara da rabi na dare.

A makon farko ki yi rajista da asibitin unguwa, likitan da suke kira GP. Kyauta ne, kuɗin lafiya kun riga kun biya tare da biza, fam 776 na kowace shekara ga kowannenku. Kada ki jira sai ciwo ya zo. Kina da damar neman likita mace, da tafinta in kina so, ba a biya. In abu ya taso da dare wanda bai kai gaggawa ba, 111 ake kira, na gaggawa 999. Duk zazzaɓin da ya kama ki ko maigida a shekarar farko, ku faɗa da bakinku cewa daga Najeriya kuka zo a gwada maleriya, domin likitan can ba ita ce ke fara zuwa masa a rai ba. In kuna neman haihuwa, ki fara shan folik asid maikirogiram 400 kullum tun kafin ciki ya shiga har ya kai mako 12. In kuma kuna son ku ɗan jinkirta har ku zauna da gindinku, magungunan tazara kyauta ne. Ku yi wannan maganar ku biyu, don jego a ƙasar da babu uwa kusa shiri yake so.

Mutane ba za su zo su same ki ba. Maƙwabcin Bature zai yi miki murmushi ya ce sannu, shekara uku ba zai ƙwanƙwasa ƙofarki ba, kuma ba ƙiyayya ba ce, haka suke da junansu. Zumunta a ƙafa take, can ma haka. Ki sa wa kanki wurare biyu da za a riƙa ganin fuskarki duk mako a rana ɗaya da lokaci ɗaya, domin sabo daga maimaici yake fitowa. Ɗaya ya zama masallaci mai sashen mata da darasi. Ɗayan ya zama wurin da ba na 'yan gida ba: laburaren unguwa, ko babban laburaren da ke St Peter's Square, inda rajista kyauta ce, akwai ɗumi, kuma akan yi zaman koyon hira da Turanci. Ko kina da digiri za ki buƙace shi, Turancin mutanen Mancesta sai kunne ya saba. Matan Hausawa da sauran 'yan Arewa suna nan, maigida ya tambayi ɗaliban da suka riga shi a sa ki a zaurensu na WhatsApp. Ki shiga da fara'a, amma ki ɗan ja bakinki a watannin farko. Ƙaramar al'umma ce, abin da kika faɗa a Longsight da la'asar yana iya kwana a Kano.

Bizarki ta ba ki damar yin aiki cikakken lokaci, har da sana'ar kanki, alhali shi an taƙaita masa awa 20 a mako lokacin karatu. Ki nemi lambar inshorar ƙasa, wato lambar da mai ba da aiki ke buƙata don lissafin haraji, a shafin gwamnati, kyauta ce, kada ki biya kowa. Da yake ke malama ce, ki duba aikin mataimakiyar malami a firamare ko gidan renon yara. Za su nemi binciken tarihin laifi, don haka takardar shaidar hali daga 'yan sandan Najeriya da wasiƙar shugaban makarantarku ki karɓe su tun yanzu. In aikin kuɗi bai samu da wuri ba, ki yi na sa-kai yini ɗaya a mako a shagon agaji, a nan ake samun wanda zai tsaya miki shaida. In sayar da abinci daga gida ya ba ki sha'awa, sai kin yi rajista da ƙaramar hukuma aƙalla kwana 28 kafin ki fara, kuma mai gida ya yarda.

Waya ita ce abokiyar da ke iya zama kishiya. Ki sa wa Hajiya lokaci, misali bayan la'asar ɗinta kullum, minti 20. A hunturu Najeriya na gabanku da awa ɗaya, daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba agogonku ɗaya. Abin da ke cutarwa shi ne kwana da yini a kan hotunan bikin da ba ki je ba, jikinki a Mancesta ranki a Gwammaja. Kada kuma ki riƙa yi wa gida ƙaryar komai lafiya lau kullum. Ki zaɓi mutum ɗaya mai hankali, yaya ko aminiya, wadda za ki iya ce wa "yau ban ji daɗi ba" ba tare da ta tayar da hankalin dangi ba. Masu cewa ki riƙa kyautata zato suna da gaskiya, amma kyautata zato ba ya nufin haɗiye kuka. Kewar gida takan yi tsanani bayan ɗokin makonnin farko ya wuce, ga shi a lissafinku hakan zai faɗo daidai shigowar duhu. In kin san da zuwanta ba za ki ɗauka aurenki ne ya lalace ba.

Saɓani za a yi, harshe da haƙori ma suna yi, ga ɗaki ɗaya da falo, babu gidan da za a je a huce. Ku yi ƙa'ida tun yanzu: in rai ya ɓaci ɗaya ya sa riga ya zagaya unguwa minti 20, a dawo a yi magana. Ku rage murya, bangon siriri ne, maƙwabta na kiran 'yan sanda in sun ji ihu. Ku zaɓi babba ɗaya da ku duka kuke jin nauyinsa wanda za a kira in abu ya gagara. Ba mu zaton haka daga maigidanki, amma kowace mai tafiya ya kamata ta sani: duka, ƙwace fasfo, kulle mace a gida ko hana ta waya da kuɗi don a juya ta laifi ne a dokar Ingila. Layin taimakon mata na ƙasa shi ne 0808 2000 247, dare da rana, kyauta. In mace ta kira 999 da wayar hannu ba ta iya magana, ta saurara, in an umarce ta ta danna 55, alamar cewa da gaske tana buƙatar taimako.

Akwai iyaka tsakanin kewa da ciwo, kuma ki gaya wa maigidan alamomin tun yanzu, don sau da yawa na kusa ne ke fara gani. In kin yi mako biyu kusan kullum cikin ƙunci, abin da kike so da ya daina burge ki, barci ya ƙaurace ko ya yi yawa, abinci ya fita ranki, wanka da salla sun zama dutse, to lokacin ganin likita ya yi. Ki ci gaba da addu'a da azkar ɗinki, ki kuma je, kamar yadda za ki yi da hawan jini. Ki faɗa masa kai tsaye yaushe abin ya fara, ki nemi a duba jininki, domin ƙarancin jini da na bitamin D da matsalar maƙoƙo duk suna kwaikwayon ciwon damuwa. Akwai kuma shirin NHS Talking Therapies, inda ake zama da ƙwararre ana magana. Da zarar kina da rajista da GP kina iya cike fom ɗin da kanki a intanet, ba a biya, kuma ba a gaya wa miji ko jami'a abin da kika faɗa. In tunanin cutar da kanki ya taɓa zuwa miki, wannan ba na jiran mako biyu ba ne: ki kira 111 ki zaɓi ɓangaren lafiyar ƙwaƙwalwa, ko 116 123 na Samaritans, ƙungiyar masu sauraron wanda ke cikin damuwa, a kowane lokaci, ko 999 in abin ya matso.

Kafin ku tashi ki je ki gaida 'yar'uwar nan taki, ke kaɗai, ba da tambayar me ya same ta ba. Ki tambaye ta wane wata ne ya fi mata wuya, da abin da ta so a ce wani ya gaya mata. Sannan ku zauna da maigida ku sa watan da za ki fara zuwa gida, ku fara ajiye kuɗin tikitin daga watan farko, ki gaya wa Hajiya watan. In lokacin ya zo ki nemi maganin rigakafin maleriya kafin ki taso, domin bayan shekara guda a waje jikinki ya fara mance sauron Kano.